Jirgi A Sama, Gidajenmu A Ƙasa



A watan Nuwamba na 2018, a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, gwamnatin Gana ta sa hannu a kan takardar fahimtar juna da wani rukunin masu zuba jari, a kan za a gina wa Ankara jirgin ƙasa mai tafiya a sama bisa ginshiƙai. Bayan shekara guda aka koma wannan birni aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar aikin. An ce layuka biyar ne. Huɗu za su tashi daga mahaɗar Kwame Nkrumah, wato Circle, su nufi sassan gari, na biyar kuma ya zagaya tsakiyar birni. An ce tsawon dogon baki ɗaya kilomita 194 ne, kuɗinsa kuwa dala biliyan 2.6. An nuna mana hotunansa yana shawagi bisa cunkoson motoci. A 2021 ministan jiragen ƙasa na lokacin ya fito fili ya ce aikin ba mai yiwuwa ba ne. Daga baya rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnati ya nuna an fitar da dala miliyan 2 daga asusun gine-ginen ƙasa saboda wannan aiki, alhali ko ginshiƙi ɗaya ba a kafa ba. A 2025 maganar ta kai gaban alƙali, hukunci kuwa na kotu ne.

A majalisun hira na Nima da Sabon Zango labarin ya zama abin raha, wani lokaci kuma sandar dukan juna tsakanin magoya bayan jam'iyyu. Amma akwai tambayar da ta fi dala miliyan 2 nauyi a wurinmu. Da a ce kuɗin ya samu an fara aiki, ta ina layukan nan huɗu za su bi? Duk wanda ya san Ankara ya san da wuya a bar Circle a nufi gabas, ko arewa, ko yamma, ba a gifta ko an raɓi unguwannin da muke zaune ba: New Town, Nima, Maamobi, Fadama, Sabon Zango, Shukura. To, a cikinmu wa ya riƙe taswirar aikin a hannunsa? Wane sarkin zango, wace magajiyar kasuwa aka zaunar aka nuna mata inda ginshiƙi zai faɗa?

Maganar jirgin nan za ta dawo, ko da wani suna, ko a bakin wata gwamnati. Ranar da ta dawo, lokacin da muryarmu take da amfani shi ne lokacin da ake jan layi a takarda, kafin motar rusau ta tsaya a ƙofar gida. Hausawa suka ce tun ran gini, ran zane.

Dalilin da ya sa za ta dawo a bayyane yake. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen yankin Ankara da kewaye sun haura miliyan 5. Mafi yawansu trotro ke kai su wurin nema, trotro kuwa hanya ɗaya take bi da motar mai kuɗi da tirela da okada. Wanda ke zaune a Kasoa ko Ashaiman ko Amasaman, in yana so ya isa Makola ko Tudu a kan lokaci, yakan baro gida tun kafin a kira asuba, ya dawo bayan isha. Yaranmu da suka tashi daga Nima suka kama haya a bayan gari saboda tsadar ɗaki, su ne ke ƙarar da rayuwarsu a cikin wannan cunkoso. Birni mai girman haka yana bukatar abin hawa mai ɗibar jama'a da yawa a lokaci guda, mai hanyarsa ta kansa. Mu ne kan gaba wajen bukatarsa. Don haka kada wani ya ɗauki wannan rubutu a matsayin ƙin ci gaba.

Sai dai ya kamata mu san abin da ake tallata mana. Jiragen da ke bin sama iri-iri ne, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne mai dogo ɗaya. Maimakon ƙarafa biyu irin na jirgin da muka sani, ana shimfiɗa doron kankare guda ɗaya bisa ginshiƙai, jirgin ya hau shi kamar yadda ake hawa doki, tayoyinsa na roba suna rungume da shi ta sama da ta gefe. Yana da amfaninsa. Ginshiƙansa sirara ne, ba ya tare hasken titi kamar babbar gada, yana iya hawan tudu mai tsayi, yana iya shan kwana a matsattsen wuri, ƙararsa kuma kaɗan ce. A garin Wuppertal na Jamus akwai wani irinsa mai rataye da ke aiki tun 1901, saboda garin yana cikin kwari ne, babu fili sai saman kogi. A Tokyo an buɗe guda a 1964 yana kai mutane filin jirgin sama na Haneda, har yau yana nan. A Chongqing ta ƙasar Sin, birnin duwatsu da koguna, layukansa na ɗaukar dubban ɗaruruwan mutane kowace rana. A duk waɗannan wurare yanayin garin ne ya nemi irin wannan jirgi.

Yana kuma da aibinsa, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Sauya masa hanya aiki ne ja, domin dole ne doron kankaren ko na ƙarfen da kansa ya motsa, saboda haka rassa da mahaɗa suna da tsada. Ba ya haɗuwa da layin dogon da ƙasa take da shi tun da. Kowane kamfani da nasa ƙirar, wanda ya saya daga kamfani ɗaya ya ɗaure kansa gare shi wajen kayan gyara har tsawon ran jirgin. In ya tsaya tsakanin tasha da tasha, sauko da fasinja daga can sama babban aiki ne. Wanda ya rayu a shekarun dumsor bai bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Misalan inda bai yi albarka ba suna da yawa. Birnin Sydney na Ostireliya ya buɗe nasa a 1988, zobe ne mai ƙasa da kilomita 4, yana zagaye tsakiyar gari ba ya kai kowa gida. A 2013 aka rufe shi aka kwance shi. Mumbai ta Indiya ta buɗe nata a 2014, a birnin da jiragen ƙasa ke cika maƙil har ƙofa, amma shi ya yi ta fama da ƙarancin fasinja, domin layin farko bai bi inda jama'a suke zuwa ba. Kusa da mu kuma ga Fatakwal a Najeriya. A zamanin Gwamna Rotimi Amaechi aka fara gina mai dogo ɗaya, aka kafa ginshiƙai na ƙasa da kilomita 3, gwamnati ta sauya, aikin ya tsaya. Ginshiƙan suna nan tsaye a tsakiyar gari, jama'a na wucewa ta ƙarƙashinsu a cikin bas kamar yadda suka saba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda ne. Tsari nagari yakan fara da ƙirga mutane: daga ina suke tasowa, ina suke zuwa, da ƙarfe nawa, ɗauke da me, nawa suke iya biya. Sai an san wannan ake jan layi, sai an ja layi ake zaɓen abin hawan da ya dace da shi. Inda aka fara da son abin hawa, sannan aka shiga neman inda za a ɗora shi, a nan ake samun ginshiƙai marasa jirgi. Abin da aka zaɓa wa Ankara a 2018 wata fasaha ce ta ƙasar Birazil mai suna Aeromovel, wadda iska ce ke tura jirgin ta cikin bututun da ke ƙarƙashin dogo. A lokacin da aka sa hannu, wuraren da aka san tana aiki su ne Porto Alegre, inda take haɗa filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa a tazarar kimanin kilomita ɗaya, da wani wurin shaƙatawa a Jakarta mai layin kimanin kilomita 3. Daga nan aka yi tsalle zuwa kilomita 194. Tambaya ɗaya a zaman sauraron jama'a ta isa ta fito da wannan giɓi.

Ga tambayoyin da ya kamata mu riƙe a hannu duk ranar da aka sake kawo mana hoto.

Ta farko, wa zai hau? Rayuwar zango a kan kaya take. Mai koko da ƙosai, mai waakye, mai sayar da goro, mahauci da ke ɗauko nama, mai albasa da tumatir, dukkansu da kaya suke tafiya. Kalmar kayayo ma rabinta tamu ce, ɗaya rabin na harshen Ga. Trotro, duk da lalacewarta, tana tsayawa inda ka ce, yaron mota ya ɗora maka buhu a baya ku daidaita. Tashar jirgin sama kuwa tana can bisa tsayin bene biyu ko uku. In na'urar hawa ta lalace, tsohuwa mai ciwon gwiwa da mace mai goyo da daro a ka matakala za su hau. Shin an tanadi wurin kaya a cikin jirgin? Shin za a bar mai buhu ya shige ƙofa? In amsar a'a ce, to an gina abin hawa ne domin mai jakar ofis kaɗai, da bashin da dukkanmu za mu biya.

Ta biyu, nawa ne kuɗin shiga, kuma wa zai cike giɓi? Kaɗan ne ƙwarai daga jiragen birane na duniya suke mayar da kuɗin gininsu daga tikiti. Gwamnati ce ke tallafawa. In aka ce mana ɗan kasuwa ne zai kawo kuɗinsa, ƙasa ba za ta kashe ko sisi ba, mu tambaya ta yaya zai mayar da dalarsa daga fasinjan da ke biya da sidi. Hanyoyin ba su da yawa: ko tikiti ya yi tsada, ko gwamnati ta ɗauki alkawarin biyan abin da ya gaza, ko a ba shi filayen da ke kewaye da tashoshi ya gina kantuna da benaye. Ta ukun nan ita ce ta fi shafarmu. Mun ga yadda sidi ta faɗi a 2022, ƙasa ta dakatar da biyan bashin waje a watan Disambar wannan shekara, har aka taɓa kuɗin 'yan fansho. Rancen da Asusun Lamuni na Duniya ya amince wa Gana a 2023 dala biliyan 3 ne. Kuɗin jirgin da aka yi mana alkawari ya kusa kamo shi.

Ta uku, wa zai gyara shi? Addis Ababa ta buɗe jirginta na cikin gari a 2015 da jirage 41, aka yi ta yabo a faɗin Afirka. Bayan 'yan shekaru da yawa daga cikinsu suka koma ajiye saboda rashin kayan gyara. Bikin buɗewa na kwana ɗaya ne, kulawa kuwa ta shekara talatin ce ko fiye. Yarjejeniyar da ba ta faɗi wanda zai horar da makanikai, da inda kayan gyara za su fito, da kuɗin da za a saye su ba, rabin yarjejeniya ce.

Ta huɗu, an gwada abin da ya fi sauƙi? A ƙarshen 2016 aka ƙaddamar da motocin Aayalolo a hanyar Amasaman zuwa tsakiyar gari. Motocin masu kyau ne, amma ba a ware musu hanyarsu ta kansu daga farko har ƙarshe ba, sai suka shiga cunkoson da aka kawo su su magance. Dakar ta yi abin da Ankara ba ta ƙarasa ba. A 2024 ta fara aiki da manyan motocin lantarki a kan keɓaɓɓiyar hanya mai kimanin kilomita 18, daga Guédiawaye zuwa tsakiyar gari, tafiyar ta ragu da kusan rabi. Ga kuma tsohon layin dogon Ankara zuwa Kumasi, wanda aka kammala a 1923, yana kwance ta Achimota da Dome da Amasaman har Nsawam, hanyarsa a shate tun zamanin Turawa. Gwamnatin da ta kasa tsare wa bas layi ɗaya a kan titi, sai ta yi mana bayanin yadda za ta riƙe jirgi a sama.

Yanzu mu zo ga ƙashin bayan magana, wato ƙasa. Babban abin da ake tallata jirgin sama da shi shi ne wai ba ya cin fili. Wannan rabin gaskiya ce. Kusan kowace mita 25 zuwa 30 sai an kafa ginshiƙi, kowane ginshiƙi kuma sai an haƙa masa tushe mai faɗi da zurfi. Kowace tasha tana bukatar matakala da mashiga da wurin da motoci za su sauke mutane. Ana bukatar babban fili inda jirage za su kwana a gyara su, da filin da za a zuba kankare, da hanyar da manyan motocin ɗaga kaya za su bi na tsawon shekarun aiki. Inda titi ke da faɗi da tsibiri a tsakiya, ginshiƙi zai samu wurin tsayawa. Inda titi ya matse, kamar yadda yake a yawancin unguwanninmu, rumfar bakin hanya da shagon tela da katangar makarantar allo su ne za su matsa.

Injiniyan da ke jan layi a ofis ba lallai ne yana ƙin kowa ba. Lissafi yake yi. In ya bi ta unguwar masu takardun fili da lauyoyi, diyya za ta yi yawa, shari'a za ta ja shekaru. In ya bi ta unguwar da gidajenta ba su da rajista, aikin zai yi arha da sauri. Ta haka layi ke gangarowa inda talaka yake, kamar yadda ruwa ke neman kwari, ba tare da kowa ya furta mugun nufi ba.

Tarihinmu ne ya ajiye mu a wannan kwari. Lokacin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, bayan gari ne ya fita da jama'arsa, a filin da sarakunan Ga suka ba shi. Nima ma da aka fara zama a cikinta a shekarun 1930 wajen birni take, wurin masu shanu da baƙi. Birni ya girma ya haɗiye su. Yau Nima tana tsakanin Circle da filin jirgin sama, maƙwabciyar Kanda da fadar shugaban ƙasa, a kan ƙasar da ke cikin mafi tsada a Gana. Amma yawancin gidajen an same su ne ta hanyar amana: sarki ya nuna wa baƙo wuri, aka yi shaidu, aka yi fatiha. Maigida ya rasu, gida ya zama na magada goma ko ashirin, ba a raba ba, ba a rubuta ba. Dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969, wadda ta ba mutane mako biyu su bar ƙasa, ta sa gidaje da yawa sun sauya hannu cikin gaggawa, ta kuma bar wa iyayenmu ɗari-ɗari da duk wani ofishin da ake tambayar takarda. Wannan tabo yana nan, ko da yake jikokinsu 'yan ƙasa ne haihuwar nan.

Mun kuma ga yadda ake yi in birni ya bukaci wuri. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Circle, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ba a rufa wata guda ba motocin rusau suka shiga Old Fadama. A watan Yuli 2021 aka tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie aka mayar da ita Adjen Kotoku, can bayan Amasaman. Ko mutum yana ganin tashin ya dace ko bai dace ba, ya ga saurin da aka yi shi, ya kuma ga wanda ya ɗauki nauyin nisan: 'yan dako, da mata masu sarin kwando ɗaya, da masu abincin da ke ciyar da kasuwar. Abin lura, tsohon layin dogon nan da ke kwance ta Kotoku ya bi. Da yana aiki yadda ya kamata, da nisan bai zama azaba ba. Gyaransa ma in ya tashi, akwai dubban talakawa da ke zaune a gefensa, su ma hakkinsu ne a zauna da su tun da wuri.

Akwai kuma tashin da ba ya bukatar motar rusau. Duk inda aka kafa tasha, darajar fili takan hau. Mai gida zai samu tayin da bai taɓa mafarki ba, ɗan haya kuwa zai samu takardar sallama. Gida ɗaya a zango yakan ɗauki iyali takwas ko goma. In an biya diyya, mai fili da mai gini ake biya. Ɗan hayan da ya shekara talatin a ɗaki ɗaya, wanda sana'arsa da masallacinsa da makarantar 'ya'yansa duk suna cikin tafiyar minti biyar, shi wa zai biya shi? Zango ya wuce jerin ɗakuna. Shi ne wurin da baƙo ke sauka a ba shi tabarma, inda ake haɗa kuɗin jana'iza kafin azahar, inda yaro ke tashi da Hausa a bakinsa ko da iyayensa Dagomba ne ko Zabarmawa ko Kotokoli. In aka watsa mutanensa a Kasoa da Amasaman da Ashaiman, kuɗi ba ya sake haɗa su.

Dokar ƙasa ba ta bar mu hannu rabbana ba. Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya ce gwamnati ba ta karɓar dukiyar mutum sai don amfanin jama'a, da diyya mai adalci wadda za a biya ba da jinkiri ba, kuma mai dukiya yana da damar zuwa babbar kotu. Sashen ya ƙara da cewa in karɓar fili ta tashi mazauna, wajibi ne a sake tsugunar da su a wurin da ya dace, tare da lura da hanyar cin abincinsu da al'adunsu. Sashe na 181 ya wajabta kai yarjejeniyar kasuwanci tsakanin gwamnati da 'yan ƙasar waje gaban majalisa, a majalisar kuwa akwai wakilan Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa da Ablekuma ta Tsakiya da Madina, waɗanda da ƙuri'unmu suka shiga. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun aiki. Dokokin muhalli sun tanadi zaman sauraron jama'a a kan aikin da zai tashi mutane daga mazauninsu. Duk waɗannan ƙofofi ne, amma ƙofa ba ta buɗe kanta.

Abin da ya rage namu ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mu fara da ƙirga kanmu. Mutanen Old Fadama sun yi haka a 2009: suka bi gida-gida da taimakon ƙungiyoyin talakawan birni, suka fito da adadin da ya kusa mutum dubu 80, da sana'o'insu da garuruwan da suka fito. Adadi a takarda ya sa dole a yi magana da su a matsayin al'umma. Kowane zango yana iya yin irin wannan: gida nawa, iyali nawa a kowane gida, shago nawa, masallaci da makaranta nawa, wa ke da takarda, wa ba shi da ita. Matasanmu da ke yawo da waya a hannu suna iya zana taswirar unguwa cikin 'yan makonni.

Sai gyaran takardu. Magadan da suka bar gida ba rabo saboda gudun ɓacin rai, su sani ranar diyya ɓacin ran zai ninka. Malamanmu sun san rabon gado, lauyoyinmu sun san hanyar Hukumar Filaye. A haɗa su wuri guda, a ware rana a fadar sarkin zango, a bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sarakuna da limamai su kafa kwamiti na dindindin a kan tsarin birni, wanda ba na jam'iyya ba, a sa 'ya'yanmu injiniyoyi da safiyo da masu ilmin tsara gari a ciki. A sa mata 'yan kasuwa, domin su ne suka fi kowa sanin hanya da farashinta. A sa direbobin trotro da yaransu, domin duk jirgin da ya zo abincinsu zai taɓa, kuma tsari mai hankali zai mayar da su masu kai fasinja tasha maimakon ya ture su gefe. A sa 'yan haya, kada masu gida su yi magana da sunan kowa. Kwamitin ya nemi a kawo taswira a manna a inda jama'a ke taruwa, a yi bayaninta da Hausa da sauran harsunan unguwa a rediyo da bayan sallar Juma'a, tun layin yana fensir. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mu ne muka san lungun da ruwa ke ci in an yi sama, da inda ginshiƙi ɗaya zai toshe babban kwalbatin Nima.

Wasu daga cikin dattawanmu za su ce mu 'yan tsiraru ne, zaman lafiyarmu a ƙasar nan ya ginu ne a kan kawar da kai, kada mu ja wa kanmu ido. Muna girmama wannan magana, domin daga abin da suka gani da idonsu ta fito. Amma tambayar inda layi zai bi ba tawaye ba ne. Mutanen Osu da La da James Town suna yin ta a kan filayensu, ba wanda ya ce sun yi laifi. Ƙasar da ta kafa Asusun Raya Zango da dokar majalisa ta riga ta amsa cewa zango yanki ne na birni. Wanda ya yi shiru lokacin shawara, ihunsa na baya ihu ne bayan hari.

Wasu kuma, musamman matasa, za su ce irin waɗannan tambayoyi su ke hana Afirka tashi, a bar gwamnati ta yi abin da zai fitar da mu kunya a idon duniya. Muna son Ankara ta yi kyau kamar yadda kowa yake so. Sai dai tambaya ba ita ce ta kashe jirgin 2018 ba, kuma ba ita ta bar ginshiƙan Fatakwal a tsaye ba. Aikin da ya sha tambaya tun yana takarda shi ne ke da ƙarfin tsallake sauyin gwamnati, domin jama'a sun san shi, sun yarda da shi, za su kuma tsaya masa.

Idan wata rana jirgi ya bi ta saman Nima, muna fatan yaron da aka haifa a can ya hau shi daga tashar unguwarsu, da kuɗin da aljihunsa zai iya, ya leƙo ta taga ya hango rufin gidansu da hasumiyar masallacinsu suna nan inda suke. Hakan ba zai samu da fata kaɗai ba. Aikin ƙidaya da takardu da kwamiti yanzu ne lokacinsa, tun babu wanda ke gaggawa. Duk zangon da ya riga ya fara wani abu makamancin wannan, muna roƙon ya sanar da mu yadda ya yi, domin saura su ɗauka.

Allah ya tsare mana zangonninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana. Wassalam.